Faifai ko fayil: yadda aikin kayan sautin gidanmu ke tafiya

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

DVD ɗin falo ya daina karanta faifai. Ka saka, ya yi ta juyi yana ƙiris-ƙiris, can ya rubuta wai babu komai a ciki. Shi ne haɗe da amfilifaya da sifiku biyu da na saya na hannu shekarun baya, kuma da shi gidan nan kaf ke jin karatu da waƙa. Yanzu zaɓi biyu ne a gabana: ko in sayi na'urar CD ta ainihi, wadda sauti kawai take bayarwa, ko in kwashe duk abin da ke kan faifan ya koma fayil, a riƙa kunnawa daga filas ko waya.

Ƙanena ya ce, "Yaya, wa yake ta faifai a wannan zamanin? Ba ni kwalin in kai wa masu turi su zuba maka komai a memori." Wani abokina kuma da ke koyarwa a Samaru, nan Zariya, wanda ya fi ni zaƙewa a harkar kayan sauti, ya ce ranar da na bar faifai na bar daɗi, wai sautin fayil a bushe yake. Na ware naira 120,000. Ba zan sayi wani babban abu ba sai na ji hanyoyin biyu da kunnena.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na zazzage kwalin a kan tabarma, faifai sun haura 200. Sai da na rarraba su na ga ashe abin da muke kira CD a gidan nan ba abu ɗaya ba ne.

Akwai bugun kamfani, wajen 40, masu ƙasa fari ƙal kamar azurfa. Mafi yawansu tsarabar Baba ce daga Saudiyya, sai 'yan waƙoƙin waje nawa. Waɗannan su ne CD na asali, tsarin da kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982: ana ɗaukar awon sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, faifai ɗaya kuma ba ya wuce minti 74 zuwa 80. Sai waɗanda aka ƙona a shago, masu ƙasa kore-kore ko shuɗi-shuɗi da rubutun maka a bayansu. Tafsirai ne da kiɗan gargajiya, kuma da ka kunna za ka ji shuuu ɗin kaset a ƙasan muryar, alamar daga kaset aka juyo su.

Kashi na uku ne ya ba ni dariya. Faifai ɗaya ɗauke da surori 114. Saukar Alƙur'ani na cin awa 20 zuwa 30, har fiye idan makarancin mai ja ne, to ina minti 80 zai ɗauke wannan? MP3 ne aka matse aka jera a kan faifai. Wato shekara da shekaru Baba fayil yake saurare, faifan mazubi ne kawai. Ragowar kuwa VCD ne na waƙoƙi, su ma sautinsu matsattse ne.

Da a ce na ɗauki shawarar abokina na sayo tsohuwar na'urar CD, da kusan rabin kwalin nan ba za ta ko kalle shi ba, domin irinsu ba su san MP3 ba balle VCD.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na ɗauki DVD ɗin a adaidaita daga Tudun Wada zuwa wajen wani mai gyara a Sabon Gari. Yana kwance murfin ya ce, "Alhaji, wannan ai bai mutu ba, ƙura ce ta rufe masa ido." Ya goge idon da tsinken auduga da sipirit, ya canza ɗan bel ɗin roba da ke jan tire, wanda ya saki. Ya ƙara da wani bayani da ya yi mini amfani: na'urar DVD haske biyu gare ta, ja na karanta DVD, da wani wanda ido ba ya gani na karanta CD. Ɗaya na iya gajiya ɗayan na nan garau, shi ya sa za ka ga na'ura tana kunna fim amma ta ƙi faifan sauti. Namu na CD ɗin ya fara rauni, in ji shi, amma zai ja. Na biya 4,500.

A shagon da ke kusa na ga na'urar CD ta gwanjo, baƙa, mai nauyi, babu rimot. An yi mini kuɗi 48,000, muka sauko 40,000. Na juya bayanta na ga 220 zuwa 240, wato za ta sha wutarmu kai tsaye. Duk mai sayen irin waɗannan ya riƙa duba wannan rubutun, domin wadda aka yi wa kasuwar Amurka 120 take sha, ta cikin Japan kuma 100, ka jona ta haka nan sai hayaƙi. An kunna mini ita, sautin ya yi kyau ba ƙarya. Mai gyaran ya ja ni gefe ya ce in idonta ya mutu samun na asali sai an sha wuya. Na ce su ba ni lokaci.

Talata, 19 ga Nuwamba

DVD ya dawo aiki. Bugun kamfani duk suna yi. Cikin na shago akwai masu cijewa a tsakiya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Laftof ɗina ba shi da wajen saka faifai, sai na sayi na waje mai jonawa ta USB, 22,000. Na sauke manhajar Exact Audio Copy, kyauta ce. Abin da ya bambanta ta da kwafi na yau da kullum shi ne, in ta yi shakkar wani wuri a faifan sai ta yi ta maimaita karantawa har ta gamsu, ta kuma gaya maka inda ta kasa.

Na zaɓi in adana a FLAC. Lissafin shi ne: sautin CD tsagwaronsa yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya. FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage girman zuwa rabi ko sama da haka kaɗan ba tare da ya zubar da komai ba, in an buɗe shi lambobin da ke kan faifan ne ke dawowa daidai wa daida. MP3 kuwa zubarwa yake yi. Mai lamba 128 yana cin kusan megabait ɗaya a minti, ka ga kashi tara cikin goma ya tafi, an bar abin da aka ƙiyasta kunne ya fi kamawa.

Wahalar ba a kwafin take ba, a suna take. Faifan waje da na saka, manhajar ta leƙa intanet ta kawo sunan komai da kanta. Namu na gida babu wanda ya san da su. Sai "Track 01", "Track 02", dole in kunna kowanne in ji, in rubuta da hannu. Wani kiɗan ma sai na kai wa Baba ya saurara ya gaya mini wa aka yi wa shi.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Kwafi bayan isha'i, in akwai wuta. Bugun kamfani sun ƙare. Na MP3 ba sa buƙatar dabara, jan su kawai ake yi zuwa kwamfuta.

Lahadi, 1 ga Disamba

Yau rai ya ɓaci. Ranar Alhamis na sayi filas a wani shago, an rubuta 128GB a jikinsa, 6,000. Kwamfuta ma 128 ta nuna. Na zuba masa duk abin da na kwafa, ya karɓa lafiya lau. Da safen nan na zo kunnawa, foldodin farko suna yi, na gaba kuwa sunayen na nan amma babu sauti, wasu sunayen ma sun rikiɗe sun koma wasu alamomi marasa kan gado.

Ƙanena ya sa masa wata 'yar manhaja, H2testw, wadda ke cika filas da bayanai sannan ta karanto su ta ga nawa suka dawo. Abin da ya dawo bai kai 8GB ba. Yadda suke yi shi ne, a ɗauki ƙaramin filas a sauya abin da yake gaya wa kwamfuta game da girmansa. Kai kana ta zubawa, shi kuwa da ya cika sauran zubewa suke yi, ba kuma zai nuna maka wata alama ba sai ranar da ka nema.

Allah Ya taimake ni ban goge na kan laftof ba. Na koma shagon, yaron ya ce shi ma haka aka kawo musu, maigidan ba ya nan. Na bar maganar, na lissafa 6,000 cikin kuɗin aiki. Daga yau duk memori ko filas da zai shigo gidan nan sai ya bi ta wannan gwajin kafin a zuba masa ko fatiha.

A nan kam faifai ya ci maki. Faifai in zai lalace ɗaya ne zai lalace, kuma kana ganin karcen da idonka.

Laraba, 4 ga Disamba

Na ari filas ɗin ƙanena mai 16GB na gwada ramin USB da ke gaban DVD ɗin, ko zai hutar da ni sayen wani abu. Bai hutar ba. Da farko ya ƙi ganin filas ɗin sam, sai da aka mayar da shi tsarin FAT32. Da ya gani kuma, MP3 kawai yake kunnawa, FLAC ko a jerin bai fito ba. Sunayen da na ɓata dare ina rubutawa da ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma 'yan akwatuna a talabijin. Kuma sai an kunna talabijin ɗin kafin a san me ake zaɓa, ga shi a kan inbata talabijin na cin batir a banza. Wannan hanyar ta fita daga lissafi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na gayyato abokina na Samaru bayan la'asar don a yi ta ta ƙare. Na sayi memori 128GB, 14,000, wannan karon ya ci gwaji. Na saka shi a wata tsohuwar wayar Android da ke kwance a durowa, ba layi a cikinta. Na ƙara da ɗan ƙaramin DAC mai shiga ramin caji, wato na'urar da ke mayar da lambobi su zama sauti, 9,000, da igiya mai kai ja da fari, 2,500.

Muka jona DVD a rami ɗaya na amfilifaya, waya a wani. Waƙa ɗaya, daga faifan kamfani da kuma FLAC ɗin da na ciro daga shi. Na daidaita ƙarar biyun gwargwadon iko da manhajar awon ƙara, domin in ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaɗan ne, kunne sai ya ce wanda ya fi ƙara shi ya fi daɗi. Muka rataya zani a gaban kayan, ƙanena ya zauna a baya yana sauyawa yadda ya ga dama.

Abokina ya rufe ido, ya karkata kai, ya ce wannan faifai ne, ji yadda muryar ta cika. Waya ce. Can ya ce wannan kam fayil ne, ya bushe. Faifai ne. Wani lokacin ya dace, wani lokacin ya kuskure, kamar dai mai canki-canka. Ni ma da na zauna a kujerar haka ta faru da ni. MP3 mai lamba 320 ma, wato wanda ba a matse sosai ba, ba mu iya ware shi ba.

Inda kunne ya yi aiki shi ne da muka saka irin na masu turi, wanda ke wayar ƙanena. Nan take muka gane. Kaifin kiɗan ya dusashe, tafi da kacau-kacau sun cakuɗe suna wani shaf-shaf. Irin waɗannan fayilolin an ciro su daga bidiyo, an matse, an tura, wani ya sake matsewa. Ƙanena ya ce to a mayar da su FLAC mana su gyaru. Na ce masa nonon da aka kwashe wa mai, ko ka juye shi a sabuwar ƙwarya man ba zai dawo ba.

Ina ganin daga nan ne maganar "fayil a bushe yake" ta samo asali a wajenmu. Mutane sun bar faifan kamfani sun koma abin da ake turawa a bakin titi, suka ɗora wa fayil laifi alhali laifin matsewa ne. Abokina bai sallama gaba ɗaya ba. Ya ce, "Malam, ai daɗin faifai har da buɗe gidansa, da karanta takardar ciki, da zama ka ji shi daga farko har ƙarshe ba ka tsallake komai ba." Wannan ban musa masa ba. Tun da na fara ji a waya na lura hannuna ba ya barin waƙa ta kai ƙarshe.

Asabar, 14 ga Disamba

Na gwada jona laftof kai tsaye da amfilifaya, saboda allonsa ya fi faɗi wajen zaɓe. In yana kan batir shiru, da an jona caja sai wani gurnani ya taso a sifiku, ya fi muni in muna kan inbata. Waya ba ta yin haka in ba a kan caji take ba, kuma caji ɗaya na kai ta kwana biyu tunda ba ta aikin komai sai wannan. VLC na saka mata, yana kunna FLAC da MP3 duka, yana kuma nuna ƙ da ɗ yadda suke.

Uwargida ta nemi a sa Bluetooth don kowa ya riƙa kunnawa daga wayarsa. Na ƙi. Bluetooth sake matse sautin yake yi kafin ya aika, amma ba wannan ne babban dalilina ba. A gidan wani ɗan'uwa na taɓa jin saƙon murya na wata ƙawar matarsa ya fito tar a sifikun falo, baƙi na zaune. Da na tuna mata wannan ita ma ta ce a bar igiyar.

Laraba, 18 ga Disamba

Duk lissafin da nake yi ban sa Baba a ciki yadda ya kamata ba, ga shi shi ne ya fi kowa amfani da kayan. Na zaunar da shi na nuna masa wayar. Ya taɓa, jerin ya gudu sama. Ya sake taɓawa, wata waƙar turawa ta tashi. Ya miƙo mini ya ce, "Kai, wannan gilashin naku ba ya jin hannuna. Ina faifaina?"

Na ce, "Baba, ai duk suna ciki, ba abin da ya ɓata."

Ya ce shi ya san faifansa ko ba tabarau. Mai jan rubutu tafsirin Baƙara ne, mai tsaga a gida na Ali Imrana, wanda aka ɗaure da roba kuma na wani malami ne da ya rasu, wanda ya sha zama a majalisinsa a cikin Birni. Ya ɗauka, ya saka, ya danna maɓalli ɗaya. Wannan tsarin nasa ya fi nawa sauri, kuma ba ya buƙatar kowa ya tsaya a kansa. Mutumin da ya haura saba'in ba zan tilasta masa koyon shafa gilashi don in ji daɗin cewa na zamanantar da gida ba.

Lahadi, 22 ga Disamba

Faifan da Baba ya fi ji da su su ne suka fi lalacewa. Na shago ba kamar bugun kamfani ba ne: wani rini ne a ciki da hasken leza ke ƙonawa, zafi da rana kuma suna cin rinin a hankali. Wasu daga cikin waɗannan sun yi bazara a gaban mota, kowa kuwa ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu. Sannan bayanan faifan CD suna kusa da saman da ake rubutu ne, ba ƙasan da muke ta lallaɓawa ba. Karcen ƙasa ana iya goge shi ya ragu. Na sama in ya ci, ya tafi da abin da ke wurin. Na ɗaga wani a hasken taga na ga ƙananan huji kamar an tsira da allura, wani kuma an danna masa biro har ya yi gurbi.

Na wanke su da ruwa da ɗan sabulu, na goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Manhajar ta kwana tana fama da wasu. Yawanci sun fito, wasu da ɗan tsalle nan da can. Ɗaya daga cikin tafsirin marigayin ya ƙi sam daga minti na 31. Baba ya ce akwai wani amininsa a Ƙofar Gayan da yake jin yana da kaset ɗin zaman. Ko da yake magana ce ba kiɗa ba, kuma asalinta kaset ne, FLAC na adana su, domin mai yiwuwa wannan ne kwafi na ƙarshe da za a iya cirowa daga waɗannan faifan.

Juma'a, 27 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai. DVD ya fara tsalle kuma, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan gyara. Na hure shi, na ba tela ya ɗinka masa riga, 2,000.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na aika wa mai shagon Sabon Gari cewa ya sayar da na'urarsa. Faifai 40 ba su kai in kashe 40,000 a kan abin da ƙurar hunturu za ta riƙa kai ni wajen mai gyara duk shekara ba, tunda kunnena bai ji bambanci ba.

Ga yadda aka raba. Falo ya koma waya da DAC. DVD ya koma ɗakin Baba da wasu ƙananan sifiku da ke ajiye. Na sayi faifai marasa komai, 6,000, ina ƙona masa sabon kwafi na kowane tafsiri daga fayilolin, a kan gudu mafi ƙanƙanta don tsohon ido ya iya karantawa, in rubuta da maka mai launin da ya saba. Na asalin na jera su a tsaye cikin gidajensu a ƙasan wadrob, inda rana ba ta kaiwa.

Don karatun Alƙur'ani kuma na sayo masa ƙaramar rediyo mai memori da maɓallan lamba, 11,000, memorin 4,500. Ya danna 36 Yasin ta tashi, ya danna 67 Tabara. Wannan ta shiga ransa nan da nan, har da ita ya fita zaure. Sai dai da farko lambobin sun sha bamban da surorin, domin irin waɗannan rediyoyin ba suna suke bi ba, wanda ya riga shiga memori shi ne na ɗaya. Sai da na goge na sake zubawa a jere daga 001 zuwa 114.

Asabar, 11 ga Janairu

Na sayi hard disk na hannu, wato ma'ajiyar fayil, mai 500GB, 25,000, na zuba komai, ya kama wajen 80GB. Zai zauna a gidan ƙanwata a Kongo, don kada kwafi biyu su kwana a ɗaki ɗaya. Jimillar abin da ya fita 106,500, ban da kuɗin mota. Saura 13,500.

VCD ɗin ban taɓa su ba tukuna, sai na ware waɗanda ake so a ciro sautinsu. Aminin Baba ya aiko da kaset ɗin, har da wasu guda shida da ba mu da su. Rediyon kaset ɗinmu bel ɗinsa ya narke, ranar Asabar zan kai shi Sabon Gari, in kuma nemo igiyar da za ta ɗauko sauti daga shi zuwa laftof. Ina so tafsiran su kammala kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama farkon Maris.